BABI NA UKU: RAWAR DA JAMI'A TA TAKA WAJEN FARFAƊO DA HARSHEN HAWAYANCI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar salwantar harshe da matakan da harshe kan bi kafin a ce ya mutu. An kuma kawo ra'ayin Joshua Fishman, wanda ya nuna a littafinsa na 1991 cewa matakin da ya fi kowane muhimmanci wajen ceto harshe shi ne iyaye su ci gaba da miƙa shi ga 'ya'yansu a cikin gida. A wannan babi za a ɗauki harshe guda ɗaya a duba abin da jami'a ta yi masa. Harshen shi ne Hawayanci, wato harshen 'yan asalin tsibiran Hawayi da ke tsakiyar Tekun Fasifik, waɗanda suka zama jiha ta 50 a cikin jihohin Amurka a shekarar 1959.

An zaɓi wannan harshe ne saboda wani dalili guda. Jami'ar Hawayi ta shafe kimanin shekara 50 tana koyar da Hawayanci a aji, amma masu magana da shi sai raguwa suke yi. Daga baya kuma malaman wannan jami'a da ɗalibanta su ne suka jagoranci aikin da ya mayar da harshen bakin yara ƙanana. Ke nan ana iya kwatanta zamani biyu na jami'a ɗaya, a ga abin da aka sake har sakamako ya sake. Wannan tambaya ta shafi mai nazarin Hausa ma, domin a ƙasar Bauchi da wasu sassa na Arewacin Nijeriya Hausa ce babban harshen da ƙananan harsuna suke narkewa a cikinsa, kamar yadda ya faru ga Ajanci a farkon rabin ƙarni na 20.

3.1 Yadda Harshen Ya Kusa Salwanta

Abin da zai fara ba mai nazari mamaki shi ne, Hawayanci bai shiga haɗari don rashin rubutu ba. 'Yan mishan daga Amurka sun sauka a tsibiran a 1820, suka fara ɗab'i da harshen a 1822, sannan a 1826 suka tsayar da abacada mai haruffa 12, wato wasula 5 (a, e, i, o, u) da baƙaƙe 7 (h, k, l, m, n, p, w). Sarakuna suka rungumi karatu, talakawa suka bi su. Jarida ta farko, Ka Lama Hawaii, ta fito a 1834 daga makarantar Lahainaluna, kuma an kammala fassarar Baibul a 1839. Daga 1834 zuwa 1948, lokacin da jarida ta ƙarshe mai suna Ka Hoku o Hawaii ta daina fitowa a garin Hilo, an buga jaridu sama da 100 da harshen, waɗanda shafukansu suka kai kimanin 125,000. A cikinsu akwai tarihi da tatsuniyoyi da waƙoƙi da muhawarar siyasa da labaran ƙasashen waje. A zamanin masarauta da Hawayanci ake yin doka, da shi ake shari'a.

Abubuwa uku ne suka haɗu suka karya wannan ƙarfi. Na farko shi ne mutuwar jama'a. Cututtukan da baƙi suka shigo da su tun zuwan Kyaftin Kuk a 1778 sun yi wa Hawayawa mummunar ɓarna, har ya zamana a ƙidayar 1900 ba su kai 40,000 ba, ko da an haɗa da masu ruwa biyu. Na biyu shi ne gonakin rake. Masu gonakin sun kwaso leburori daga Sin da Fotugal da Japan da Filifin, kuma a cikin wannan cakuɗa wani gurɓataccen Ingilishi ya tsiro, wanda daga bisani ya zama harshen uwa ga yaran tsibiran, har da 'ya'yan Hawayawa. Na uku shi ne siyasa. A ranar 17 ga Janairu, 1893, wasu Turawa 'yan kasuwa, tare da goyon bayan sojojin ruwan Amurka, suka hamɓarar da Sarauniya Liliʻuokalani. Gwamnatin da suka kafa ta yi doka a 1896 cewa da Ingilishi za a riƙa koyarwa a dukkan makarantu, na gwamnati da masu zaman kansu. Amurka ta haɗiye tsibiran a 1898.

Ya kamata a yi hattara wajen bayanin dokar 1896, domin sau da yawa akan ce ta haramta magana da Hawayanci. Ba haka lafazinta yake ba. Abin da ta yi shi ne hana gwamnati amincewa da duk makarantar da ba da Ingilishi take koyarwa ba. Haka kuma makarantun Hawayanci sun riga sun fara raguwa tun kafin dokar, saboda iyaye da yawa sun ga da Ingilishi ake samun aiki. A 1880 akwai irin waɗannan makarantu 150. Zuwa 1902 babu ko ɗaya. Sai dai abin da ya biyo baya ya fi lafazin dokar tsanani. Tsofaffi da yawa sun ba da labarin yadda aka buge su ko aka ci mutuncinsu a makaranta don sun yi magana da harshen gida. Da suka girma suka haifi nasu 'ya'yan, sai suka ƙi koya masu abin da aka dake su a kansa. A nan igiyar ta tsinke.

3.2 Zamanin Farko: Harshe a Matsayin Darasi

Jami'ar Hawayi, wadda aka kafa a 1907 a Honolulu, ta fara koyar da Hawayanci tun farkon shekarun 1920. Ana koyar da shi ne kamar yadda ake koyar da Latin ko wani baƙon harshe: a yi bayanin nahawu da Ingilishi, a ba ɗalibi matani ya fassara, a yi jarrabawa, kowa ya kama gabansa.

Ba za a ce wannan zamani bai haifar da komai ba. A cikinsa ne Mary Kawena Pukui (1895–1986), wadda ta tashi a hannun kakarta tana jin harshen, ta yi aiki a gidan adana kayan tarihi na Bishop tana tattara kalmomi da al'adu daga bakin tsofaffi. Ita da Samuel Elbert, malamin harshe a jami'ar, suka wallafa ƙamus na Hawayanci zuwa Ingilishi a 1957, da littafin nahawu a 1979. Ta kuma fitar da tarin karin magana kusan 3,000 a 1983. Duk wanda ya zo daga baya a kan waɗannan littattafai ya tsaya.

Ƙamus ɗin ya yi wani gyara da ya kamata a tsaya a kansa. Rubutun 'yan mishan bai nuna dogon wasali ba, kuma yawanci bai nuna hamza ba. Ga wanda ya tashi da harshen wannan ba matsala ba ce, kamar yadda Bahaushe yake karanta "gari" ya gane daga zance ko na zama ake nufi ko na tuwo. Amma ga wanda yake koyo daga littafi babbar matsala ce. A Hawayanci kou na nufin "naka", koʻu kuma "nawa". Haka nan pau na nufin "ya ƙare", paʻu "kunkunniya", pāʻū kuma "zanen mata". Pukui da Elbert sun nuna hamza da tsawon wasali a kowace kalma, kuma wannan tsari ne makarantu suka ɗauka daga baya. Abin lura a nan shi ne, bukatar waɗannan alamomi ita kanta shaida ce cewa masu karatu sun daina jin harshen a gida.

To amma duk da ƙamus da nahawu da darussa, a farkon shekarun 1980 an ƙiyasta cewa yaran da ke ƙasa da shekara 18 masu jin Hawayanci sosai ba su kai 50 ba. Akasarinsu kuwa 'yan Niʻihau ne, wani ƙaramin tsibiri da wani iyali na Turawa ya saya a 1864, wanda ba a shiga sai da izini. Sauran masu harshen tsofaffi ne.

3.3 Larry Kimura da Shirin Rediyo

Sauyin ya faro ne daga wani matashin malami mai suna Larry Kimura, wanda aka haifa a 1946, ya tashi a yankin makiyaya na Waimea yana jin harshen a bakin kakarsa da 'yan'uwanta. Ya fara koyarwa a harabar jami'ar da ke Mānoa a farkon shekarun 1970. Ya lura cewa ɗalibansa suna iya karanta harshen, amma ba su da inda za su ji shi. Saboda haka a watan Fabrairu na 1972 shi da ɗalibansa suka fara wani shiri a gidan rediyon KCCN mai suna Ka Leo Hawaiʻi, wato Muryar Hawayi. A kowane shiri akan gayyato tsoho ko tsohuwa a yi hira da Hawayanci zalla, masu saurare kuma su bugo waya daga sauran tsibirai. Kimura ya gudanar da shirin har zuwa 1988.

Amfanin shirin ya wuce abin da aka yi niyya da farko. Tsofaffin da suka daɗe suna jin kunyar harshensu sun ji shi a rediyo. Ɗalibai sun sami waɗanda za su yi magana da su. Bugu da ƙari, an ɗauki shirye-shiryen a kaset, kuma yanzu akwai sama da awa 500 na muryoyin masu harshen na asali a wata taska ta intanet mai suna Kaniʻāina. Kusan dukkan waɗanda aka yi hira da su sun rasu, don haka wannan taska ita ce babbar madogara ga mai son jin yadda ake furta harshen da yadda ake sarrafa shi a hira.

Wannan ya zo daidai da wata farkawa ta al'adu a tsibiran. A 1976 aka tuƙa jirgin ruwan gargajiya Hōkūleʻa zuwa Tahiti ba tare da na'urar nuna hanya ba, sai taurari da igiyar ruwa. A 1978 kuma aka gyara tsarin mulkin jihar, aka mayar da Hawayanci harshen hukuma tare da Ingilishi. Sai dai dokar da ta hana koyarwa da shi tana nan daram. Harshe ne na hukuma wanda ba a yarda a koya wa yaro lissafi da shi ba.

3.4 Sheƙar Murya

A 1982 Maworawan Niyu Zilan suka fara buɗe wasu gidajen renon yara da suka kira Kōhanga Reo, inda tsofaffi suke wuni da jikoki suna yi masu magana da Maworanci kaɗai. Labarin ya iso Hawayi ta hanyar malaman Mawori da suka yi karatu a can. A watan Janairu na 1983 wasu malaman harshe, waɗanda akasarinsu ɗaliban Kimura ne a da, suka kafa ƙungiyar ʻAha Pūnana Leo. Cikinsu akwai Kimura kansa da Kauanoe Kamanā da mijinta William Wilson da Noʻeau Warner da ʻĪlei Beniamina, wadda 'yar Niʻihau ce. Ma'anar Pūnana Leo ita ce "sheƙar murya", wato ana kwatanta yaro da ɗan tsuntsu da ake ɗura wa abinci daga baki zuwa baki. An buɗe ta farko a Kekaha da ke tsibirin Kauaʻi a 1984, sannan na Hilo da Honolulu a 1985.

Tsarin ba shi da wuyar faɗa. Yaro mai shekara 3 ko 4 zai wuni a wurin da ba a yin Ingilishi ko kaɗan, ya ci abinci, ya yi wasa, a tsawata masa, duk da Hawayanci. Ba a koya masa nahawu. Cikin 'yan watanni sai a ji ya fara magana. An kuma ɗora wa iyaye sharaɗi, su riƙa zuwa darasin harshe kowane mako, su kuma yi wa makarantar aikin awa 8 a wata, ko shara ko gyara ko haɗa littattafai. Dalilin wannan sharaɗi a fili yake, domin idan yaro ya koma gida babu mai amsa masa, aikin rana ya tashi a banza. Kamanā da Wilson kuwa tun kafin haka sun yanke shawarar ba za su yi wa 'ya'yansu magana da Ingilishi a gida ba, duk da cewa su kansu a jami'a suka ƙware a harshen.

Matsala ta taso da yaran suka isa shiga firamare. Ƙungiyar da iyaye suka yi ta zarya a majalisar jiha har aka soke hanin a 1986, bayan shekara 90 cif. Da hukumar ilmi ta yi jinkirin aiwatarwa, iyayen Hilo suka ƙi kai 'ya'yansu makarantar Ingilishi, suka riƙe su a wani aji da suka buɗe da kansu. A 1987 hukumar ta buɗe azuzuwa na gwaji a makarantu 2, Keaukaha a Hilo da Waiau a tsibirin Oʻahu. Shi ne tsarin da ake kira Kaiapuni, inda ake koyar da kowane darasi da Hawayanci, ba a fara Ingilishi a matsayin darasi sai a aji 5. A shekarun farko babu littattafai. Iyaye da malamai da ɗaliban jami'a su ne suke fassara littattafan Ingilishi, su yanka fassarar da almakashi, su liƙa a kan rubutun asali. Kowace shekara sai an yi gwagwarmayar ƙara aji ɗaya a gaba, har rukunin farko, ɗalibai 11, suka gama sakandare a 1999.

3.5 Sabon Aikin Jami'a

Daga nan aikin jami'a ya sake kama. Makarantu sun buɗe, yara suna hawa aji, kuma kullum da safe suna bukatar abu uku: malami da littafi da kalma. Babu mai iya samar da su sai jami'a.

Harabar Hilo ce ta fi yin fice a nan. An ɗauki Wilson aiki a can a 1978 don ya kafa digirin nazarin Hawayi, kuma shi da abokan aikinsa suka dage cewa da Hawayanci za a riƙa koyar da darussan manyan azuzuwa, da shi kuma za a riƙa gudanar da harkokin sashe, har da taron malamai. Wannan mataki ƙarami ne a ido, amma a ganin mai wannan bincike shi ne ya raba zamani na biyu da na farko. Ɗalibin da ya ga malamansa suna gardamar jadawali da harshen ya san abin amfani yake koyo. A 1989 majalisar jiha ta kafa cibiyar Hale Kuamoʻo a harabar don wallafa littattafan makaranta. A 1997 ta ɗaga sashen ya zama kwaleji mai zaman kanta, Ka Haka ʻUla O Keʻelikōlani. An sa mata sunan Gimbiya Ruth Keʻelikōlani (1826–1883), gwamnar tsibirin Hawayi a zamanin masarauta, wadda take jin Ingilishi amma ta ƙi magana da shi, duk Baturen da ya zo wurinta sai ya nemo tafinta. Kwalejin tana da shirin horar da malamai mai suna Kahuawaiola, kuma makarantar Nāwahīokalaniʻōpuʻu, wadda aka kafa a 1994, ita ce wurin gwajinta. Ta yaye mai digiri na biyu na farko a 2002, wanda shi ne karo na farko da aka ba da irin wannan digiri a wani harshe na 'yan asalin ƙasa a Amurka. Daga baya aka buɗe digiri na uku a fannin farfaɗo da harsuna da al'adun 'yan asali, kuma Kamanā tana cikin waɗanda suka fara samun sa. A Mānoa ma an haɗa sassan harshe da nazarin Hawayi a makaranta guda a 2007. Ta haka ya zamana yaro zai iya farawa daga reno har digirin digirgir da harshen da aka kore shi daga aji a 1896.

Batun kalmomi ya cancanci ƙarin bayani. Harshen da aka fitar daga makaranta a ƙarshen ƙarni na 19 bai san kimiyyar ƙarni na 20 ba. Malamin aji 6 da zai koyar da yadda tsiro ke haɗa abincinsa da hasken rana ba zai jira shekara ba, gobe yake bukatar kalmar. Don haka aka kafa kwamitin ƙirƙirar kalmomi a 1987, kuma aikinsa ya fito a ƙamus na Māmaka Kaiao, wanda aka fara bugawa a 1996. Kwamitin yana bin hanyoyi daban-daban: ya tono tsohuwar kalma daga jaridu ko kaset ya faɗaɗa ma'anarta, ko ya harhaɗa kalmomi biyu, ko ya aro daga harsuna 'yan'uwa kamar Maworanci da Tahitanci, ko ya aro daga Ingilishi ya lanƙwasa. Misali, kwamfuta tana da suna biyu, kamepiula wadda aro ce, da lolouila, daga lolo "ƙwaƙwalwa" da uila "lantarki". Mai karatu zai tuna da namu "kwamfuta" da "na'ura mai ƙwaƙwalwa". Intanet kuwa pūnaewele suke ce mata, wato saƙar gizo-gizo, daidai da "yanar gizo". An ci gaba da wannan aiki har cikin na'urori: kamfanin Apple ya sa madannan Hawayanci a kwamfutocinsa a 2002, an buɗe ɗakin karatu na intanet mai suna Ulukau a 2004 inda ake samun ƙamusoshi da tsofaffin littattafai kyauta, Duolingo kuma ta fara koyar da harshen a 2018.

3.6 Wane Hawayanci Aka Farfaɗo da Shi?

Wannan nasara ta zo da wata tambaya mai nauyi, kuma daga cikin jami'ar kanta aka fi tayar da ita. Akasarin malaman makarantun Kaiapuni a jami'a suka koyi harshen bayan sun girma, Ingilishi ne harshensu na farko. Yaran da suke koyarwa daga bakinsu suke ɗauka. Keao NeSmith, wanda ya koyi harshen a wurin kakarsa, ya yi nazari a farkon shekarun 2000 inda ya bambanta Hawayancin kaka da abin da ya kira sabon Hawayanci. A cewarsa na biyun ya bambanta da na farkon a furuci da zaɓen kalma da yadda ake gina tunani, domin sau da yawa mai magana da Ingilishi yake tunani sannan ya zuba shi cikin kalmomin Hawayanci. Laiana Wong ma ya yi rubutu a 1999 a kan matsalar sanin wane ne sahihin harshe idan masu shi na asali suna ƙarewa. A wannan shekara kuma Noʻeau Warner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Pūnana Leo, ya tayar da batun wane ne yake da haƙƙin yanke shawara a kan harshen, Hawayawa ko duk wanda ya ƙware a cikinsa.

Misali ɗaya zai nuna irin abin da ake jin tsoron ya ɓace. Hawayanci yana da mallaka iri biyu, ta a da ta o. Abin da mutum ya samar ko yake da iko a kan samuwarsa yana ɗaukar a, abin da ya tarar ko ba shi da zaɓi a kansa yana ɗaukar o. Don haka ana cewa kaʻu keiki "ɗana", amma koʻu makua "mahaifina" da koʻu inoa "sunana". Ingilishi ba shi da wannan bambanci, Hausa ma haka. Wanda ya tashi da harshen ba ya tunani kafin ya zaɓa, mai koyo kuwa sai ya haddace ƙa'ida, kuma ƙa'idar tana da togaciya da yawa.

Sai kuma mutanen Niʻihau, waɗanda su kaɗai ne al'ummar da harshen bai taɓa yankewa a cikinta ba. Karin harshensu ya bambanta da na makaranta. Alal misali suna furta t a wurare da yawa da daidaitaccen harshe yake da k, kuma suna magana da sauri suna haɗiye gaɓoɓi. Sabbin kalmomin kwamiti da yawa baƙi ne a kunnensu. Ga shi kuma yawansu raguwa yake yi: ƙidayar 2010 ta sami mutum 170 a tsibirin, ta 2020 kuma 84, domin da yawa sun ƙaura zuwa Kauaʻi. An buɗe masu makarantu a Kekaha da ke koyarwa da karinsu, wanda hakan amincewa ne cewa harshen jami'a bai isa ya maye gurbin nasu ba.

Mai wannan bincike yana ganin sukar tana da tushe, amma ba ta rushe aikin ba. A 1983 zaɓin da ke gaban waɗanda suka kafa Pūnana Leo bai wuce biyu ba, ko harshen da ya ɗan jirkita ko kuwa babu harshe. Abin da sukar ta haifar shi ne komawa ga kaset ɗin Kimura da tsofaffin jaridu, ana sa ɗalibai su saurara, su kwafe, su kwaikwayi salon magana, maimakon dogara ga littafin nahawu kaɗai.

3.7 Abin da Ya Gagari Jami'a

Alƙaluman hukumar ƙidaya ta Amurka na shekarun 2010 zuwa 2014 sun nuna mutum sama da 18,000 a jihar suna cewa suna magana da Hawayanci a gida. Wannan adadi yana bukatar taka-tsantsan, domin tambayar ba ta auna ƙwarewa, mai gaisuwa da addu'a kaɗai ma zai iya amsawa da e. Hukumar UNESCO a taswirarta ta 2010 ta sa harshen cikin waɗanda suke cikin matsanancin haɗari. Makarantun Kaiapuni sun haura 20, amma ɗalibansu kaso ne ƙarami na yaran jihar, kuma da zarar yaro ya fita daga harabar makaranta Ingilishi ne a kanti da talabijin da wayar hannu.

Hukumomi ma ba su tafi da saurin makarantu ba. Bayan dokar ilmi ta tarayya ta 2001, an tilasta wa yaran Kaiapuni yin jarrabawar da aka fassaro daga Ingilishi, iyaye da yawa suka hana 'ya'yansu yin ta, sai a 2015 aka fara amfani da wadda malaman jami'a suka tsara da Hawayanci tun daga tushe. A watan Janairu na 2018 wani malamin jami'a mai suna Kaleikoa Kaʻeo ya bayyana a gaban kotu a tsibirin Maui, ya amsa kiran alƙali da Hawayanci. Alƙalin ya ce bai iya tabbatar da cewa wanda ake ƙara yana nan ba, ya ba da takardar kama shi, alhali yana tsaye a gabansa. Washegari aka janye takardar, hukumar shari'a kuma ta sake manufarta ta yarda a riƙa samar da tafinta. Wannan ya faru ne shekara 40 bayan an mayar da harshen na hukuma.

Babbar matsalar da ta koma kan jami'a kai-tsaye ita ce ƙarancin malamai. Malamin Kaiapuni sai ya ƙware a harshe, ya ƙware a darasinsa, ko lissafi ko kimiyya, sannan ya sami takardar koyarwa, kuma wanda ya haɗa waɗannan uku yana da wasu wuraren aiki da suka fi biyan albashi. Wata uwa a tsibirin Lānaʻi ta kai hukumar ilmi ƙara saboda 'ya'yanta, waɗanda suka fara karatu da Hawayanci a Maui, ba su sami aji irin nasu a can ba. Hujjar hukumar ita ce ta nemi malami ba ta samu ba. A watan Agusta na 2019 Kotun Ƙolin jihar ta yanke hukunci cewa tsarin mulki ya wajabta wa gwamnati ta yi duk ƙoƙarin da ya dace don yara su sami karatu da Hawayanci, sannan ta mayar da shari'ar ƙaramar kotu don a binciki ko hukumar ta yi iyakar ƙoƙarinta wajen neman malamin.